Hoton da Na Ɗauka Don Inna

Ni tela ne. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina zaune a Libreville, babban birnin Gabon, shagona yana unguwar Nzeng-Ayong, tsakanin mai gyaran waya da wata mata mai gasa kifi, ta yadda duk rigar da ta kwana biyu a wurina sai mai ita ya san unguwar da aka ɗinka ta. Daga Damagaram na zo ina saurayi. Nan na yi aure, nan aka haifa mini 'ya'ya huɗu waɗanda Faransancinsu ya fi Hausarsu gudu.

Ran da abin ya faru, wata Asabar ce da hantsi. Na ɗauki kayan suna zan kai wa wani mutumina a Ntoum, na shiga taksi na zauna baya, kusa da wata mata mai kwandon ayaba. Ruwa ake yi irin na garin nan, wanda ba ya sallama kafin ya shigo. Direbanmu ya rage gudu saboda rami, sai wata farar mota ta kamfanin katako ta zo ta same mu ta baya. Abin da na iya tunawa shi ne ƙara, sai ayaba ta ko'ina, sai kuma na gan ni zaune a taɓo bakin hanya, hannuna na dama yana lilo kamar na aro. Jama'a sun kewaye mu. Mutum biyu suna taimako, sauran kowa ya ɗaga waya.

A asibiti suka yi mini hoton ƙashi. Kafaɗa ta goce, ƙashin da ya haɗa ta da wuya kuma ya karye. Suka mayar da abin da za a mayar, suka rataye mini hannu a wuya da wani baƙin ƙyalle, likita ya ce wata uku kada in kusanci keke. Tela ba hannun dama, ai mahauci ne ba wuƙa.

Babbar 'yata, wadda ke aiki a wani kantin magani, ita ta ɗauki zancen takardu a kanta. Ta ce tun da motar kamfani ce ta buge mu, kuma 'yan sanda sun rubuta haka, dole asirans ɗinsu, wato kamfanin inshorarsu, ya biya magani da kwanakin da zan yi ba aiki. Ita ta samo mana lauya, wata 'yar ƙasa, gajeruwa, mai tabarau, wadda ba ta dariya sai da dalili. Metir ake ce mata, kamar yadda ake kiran kowane lauya a nan.

Ranar farko da muka je ofishinta, ta gama duba takardun asibiti, sai ta ɗago ta kira ni Mushe, wato Malam da Faransanci, ta ce, "Kana da shafi a intanet?"

Na ji daɗi. Na zaci aikina take son gani. Na ciro waya da hagu na buɗe mata. Ta yi ta jan yatsa: ga babbar riga mai aska takwas, ga ni ina shan shayi, ga ni a bakin teku, ga ruwan sama yana zuba daga rufin shago na rubuta "ikon Allah". Ta kife wayar a kan tebur.

"Daga yau har a gama maganar nan," in ji ta, "ba hoto, ba rubutu, ba amsa wa kowa. Mutanen asirans suna da masu zama su duba irin wannan. Abin da ka sa da wasa, su da shi za su zo."

Na ce, "Ko gaisuwa?"

"Ko gaisuwa."

'Yata ta ƙara mini da Hausa, wai ko ban ji ba. "Baba, ka ji ko? Don Allah."

Na ce na ji. Kuma Allah Ya sani, kwana tara na yi ban taɓa shafin nan ba. Na zauna gida ina kallon bango, mai ɗakina tana ɓare mini lemo.

A rana ta goma ƙanwata ta kira daga gida. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba. Ashe ɗaya daga cikin masu ɗaga wayar nan a bakin hanya ya saki bidiyon taksinmu, ya yi ta yawo har ya faɗa gurup ɗin 'yan garinmu. Wani ya gane hulata a cikin taɓo. Kafin azahar an ce na rasa hannu, kafin la'asar an ce ƙafa biyu, da magariba wata tsohuwa ta shigo gidanmu tana salati tana neman inda za ta zauna.

"Yaya, Inna kwana biyu ba ta ci abin kirki ba," in ji ƙanwata. "Ba ta ce komai ba, ka san ta. Amma ta fitar da tabarmarta ƙofar ɗaki, duk wanda ya shigo sai ta bi hannunsa da kallo ko waya ya kawo."

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa tambayar lafiyata kai tsaye ba. In ta matsu sai ta ce, "Ya mutanen Gabon?" Ga hawan jini, ga shekaru. Na yi mata magana ta waya, na ce lafiyata lau, ta ce "to", ta miƙa wa ƙanwata. Ƙanwata ta ce ba ta yarda ba, wai murya ko daga gadon asibiti ana iya yin ta. Hoto take so.

Washegari, da 'yata ta fita aiki, ni da mai ɗakina muka rufe ƙofa muka shiga shiri. Akwai tsohon kekena a falo. Muka cire ƙyallen nan daga wuyana. Ta ce in sa riga mai kyau, na ce babbar riga, don ita ce za ta rufe asiri. Sa rigar nan ya ɗauke mu minti biyar masu kama da rabin awa. Duk inda ta taɓa sai na yi ƙara. Daga ƙarshe ta cusa matashin kai biyu a ƙarƙashin rigar, ta ɗora gwiwar hannuna a kai, ta ɗauki tafin hannun ta ajiye shi kan keke kamar mai ajiye ƙwai. Ta ba ni kofin shayi a hagu.

"Malam, yi murmushi."

"Ai shi nake yi."

"Wannan ba murmushi ba ne, kamar an taka maka ƙafa a sahu."

Sai a ɗauka ta goma sha biyu aka samu wadda ta yi. Na fito fes, fuska a sake, hannu kan keke, kai ka ce yanzu na gama ɗinkin Sallah. Na aika wa ƙanwata, na haɗa da saƙon murya: "Ki nuna wa Inna, ita kaɗai. Ki ce mata ko ƙwarzane ban yi ba, ga ni kan aikina."

Ƙanwata ta nuna wa Inna. Daga nan kuma ta tuna tsohuwar nan mai salati da duk waɗanda suka yanke mini ƙafafu, zuciya ta ɗebe ta. Ta ɗora hoton a shafinta, ta liƙa sunana yadda zai fito a nawa, ta rubuta: "Ga Yayana nan lafiya lau, ko ƙwarzane bai yi ba, yana kan aikinsa. Masu baki sai ku nemi wani."

Kafin la'asar wayata ta fara ƙugi ba tsayawa. Mutanen Damagaram, mutanen Maradi, abokan sana'a na Kano, direbobin Owendo na nan tashar jirgin ruwa, kowa barka da arziki, barka da arziki, an yi arziki, Allah Ya kiyaye gaba. Na tuna maganar Metir. Na ajiye wayar, na ɗauka, na ajiye. Amma a ce dattijon da ya yi wa mahaifina wanka ya yi mini barka in yi shiru? A ce malamin da na yi allo a gabansa ya gaishe ni in share? Na ce bari in amsa wa manya kawai. Da yatsa ɗaya na hagu na rubuta, "Mun gode, lalle an yi arziki babba." To manyan ba su ƙare ba. Na yi ta liƙa amsar nan har na daina ƙirgawa.

Can sai ga taubashina, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu lafiya. Ya rubuta, "Kai dai ka ji daɗi. In asirans suka biya sai ka sayi mota ka huta da taksi." Ni kuwa ba a taɓa jin taubashi ya ci ni da baki ba. Na ba shi amsa: "Har da direba, kai zan ɗauka." Na sa fuskar dariya uku.

Ban gaya wa 'yata ba. Ita kuma ba ta shiga shafina, ta ce na tsofaffi ne.

Bayan sati uku aka kira mu ofishin asirans, a wani bene cikin gari. Ni da 'yata da Metir a gefe guda, a ɗaya gefen wani dogon mutum mai laushin murya da jar fayil. Ya tambayi jikina da ladabi. Na ce da ciwo har yanzu. Ya gyaɗa kai, ya buɗe fayil, ya zaro takarda ya turo tsakiyar tebur. Hotona ne, an buga shi da launi, har aikin wuyan rigar ya fito.

"Wannan sati biyu bayan haɗarin ne," in ji shi. "Likita ya rubuta wata uku ba aiki."

Ya zaro wata takardar. Sun sa na'ura ta juya musu rubutun zuwa Faransanci. Ya karanta a hankali, kamar mai karanta wasiyya. Ƙanwar mushe ta ce ba shi da ko ƙwarzane, yana kan aikinsa. Mutane masu yawa sun taya mushe murnar samun dukiya. Mushe da kansa ya amsa, sau da dama, cewa lalle an samu babbar dukiya. Sannan mushe ya bayyana niyyar sayen mota da ɗaukar direba.

Metir ta cire tabarau ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. 'Yata kuwa ta ce da Hausa, can ƙasa-ƙasa, "Baba. Direba?"

Na shiga bayani da Faransancina na kasuwa. Na ce arziki ba dukiya ba ne. Wato dukiya ne, amma ba nan ba. Na ce in mutum ya faɗa rijiya aka fito da shi, ya yi arziki. Dogon ya ce, "Akwai wani abu a rijiyar ne?" Na ce babu. Ya rubuta wani abu. Na ce direban kuma ɗan kawuna ne, bai ma iya tuƙi ba. Ya sake rubutawa. Metir ta ɗora hannunta kan hannuna mai lafiya ta ce in yi shiru haka nan. Aka ɗage zaman, aka ce likitansu zai sake duba ni.

Muna sauka daga bene na ciro waya na ce yanzu-yanzu zan goge komai, in sa ƙanwata ma ta goge.

"Kada ka taɓa," in ji Metir. "Sun riga sun buga. In ka goge, ka zama mai ɓoye abu. Ka bar shi yadda yake, ka rufe bakinka, ka kawo mini duk abin da ke da alaƙa da hoton nan. Wa ya ɗauka, da wace waya, me ka ce da ka aika. Duka."

Muka shiga taksi, muka wuce shataletale biyu. Sannan 'yata ta ce, "Me ya sa ba ka gaya mini zancen Inna ba? Da mun yi mata kiran bidiyo, ta gan ka, shi ke nan." Wallahi bai zo mini ba.

A gida ta karɓi wayar uwarta ta shiga bincike. Hotuna goma sha ɗaya da ba su yi ba suna nan, a wasu matashin kai ya leƙo ta ƙasan riga, a ɗaya idona a rufe bakina a buɗe. Sai kuma wani abin da ba wanda ya san da shi. Ashe tun kafin mu fara, mai ɗakina ta danna bidiyo ba ta sani ba, ta jingine wayar a jikin fulas. Minti shida cif. 'Yata ta kalla, ta fita tsakar gida, na ji ta tana dariya har da tari.

Zama na biyu, dogon mutumin ya ce kafin komai yana son ya warware maganar dukiyar nan, don shugabansa ya ja layi a ƙarƙashinta. Metir ta ce za ta kawo tafinta mai rantsuwa. Ya ce ba laifi, amma ya tuna maigadin ƙofarsu ɗan Nijar ne, bari a kira shi a ji ta bakinsa tukuna. Ni ban taɓa lura da shi ba, ta ƙofar baya yake zama.

Sai ga dattijo ya shigo, farin gemu, hular gadi a hannu, yana ɗari-ɗari don bai san laifin da ya yi ba. Idonsa ya faɗa kaina, ya ga hula, ya ga hannu a rataye. Tun kafin kowa ya ce masa uffan ya ce, "Subhanallahi! Haɗari ne, Malam? Kai, barka da arziki! An yi arziki!"

Na ce, "Mun gode, Baba."

Dogon ya ɗaga biro. "Me ya ce?"

'Yata ta ce, "Abin da ke cikin takardarka."

Aka tambayi dattijon ko ya san ni, ya ce bai taɓa ganina ba. Aka ce to wace dukiya yake taya ni murna. Ya dubi dogon da tausayi ya ce, "Mushe, mota ta buge mutum ya tashi da ransa, wace dukiya ta fi wannan?" Ya juyo wurina ya tambayi garinmu, ya ce shi mutumin Tawa ne, ya fara lissafa mini mutanen Damagaram da ya sani, sai da aka raka shi ƙofa.

Saura hoto. Metir ta ajiye wayar mai ɗakina a tsakiyar tebur ta danna. Ga ni a singileti, kafaɗa ta kumbura ta yi baƙi. Ga mai ɗakina tana jan riga tana cewa in daina abu kamar yaro. Ga ni, mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, ina kiran "Wayyo Inna!" da iyakar muryata. Ga cusa matashin kai. Ga gardamar murmushi. Dogon ya rufe bakinsa da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Na kafa ido a kan fankar silin har aka gama.

Sai Metir ta ce akwai saƙon murya guda, wanda ƙanwata ta turo. An ɗauke shi ranar da aka nuna wa Inna hoton. Ni ma ban taɓa jin sa ba, don ƙanwata ta ɓoye mini. Muryar Inna ta fito, a hankali, tana magana da ƙanwata:

"Mayar da abinki. Wannan da kike gani, tun yana rarrafe ban taɓa ganin ya kai abu baki da hagu ba. Kuma wa ke zama kan keke da babbar riga? Hannun ne. Ki ce wa mutanen Gabon su daina wahalar da shi da ɗaukar hoto, su bar shi ya kwanta."

'Yata ta fassara. Dogon ya ce da uwar mushe za ta yarda, da sun ɗauke ta aiki.

Likitansu ya duba ni, ya ga abin da na farko ya gani. Aka biya, amma maganar da Metir ta ce da wata biyu ta isa, sai da ta kai bakwai, kuma kowane zama sai na bar abin da nake yi na hau bene. Ƙanwata ta yi fushi da ni wai na sa an karanta rubutunta gaban Turawa, ko da yake ba Bature ko ɗaya a wurin. Taubashina har yau in ya kira sai ya tambayi yaushe zai fara aiki.

Ana cikin haka wani direban babbar mota ya zo shago yana nemana. Ya ce saƙo ne daga gida, ya bi hannu huɗu kafin ya iso gare shi, kuma don Allah in karɓa da sauri ya gaji da shi. Gwangwanin madara ne, an naɗe da leda an ɗaure da tsumma. Inna ce ta je wurin maɗorin unguwarmu ya haɗa mata man shafawa, man shanu da sassaƙe da abin da shi kaɗai ya sani. Da na buɗe, mai gasa kifi ta leƙo ta tambaya ko wani abu ya mutu a shagon.

Na shafa. Safe da yamma mai ɗakina tana murza mini tana kau da kai. Ko shi ne, ko motsa hannun da ake sa ni yi a asibiti, ban sani ba, amma kafaɗar ta saki.

Ran da na je sa hannu a takarda ta ƙarshe, na yi wanka sau biyu, duk da haka Metir ta shaƙi iska ta dube ni ta saman tabarau. Na ba ta haƙuri, na yi mata bayani. Ta ci gaba da tattara takardu. Har na kai ƙofa sai ta ce, "Mushe, yana yi wa gwiwa?"

Na ce ban sani ba, amma ba a rasa ba.

Ta ce babanta ne, ya shekara biyu ba ya iya hawa matakala. Washegari na ɗiba mata a kwalbar turare da ta ƙare, na ba 'yata ta kai mata a hanyarta ta zuwa aiki.